Mataccen batir ba taki ba ne



Kowa ya san amfanin juji. Toka, ƙaiƙayi, ɓawon gujiya, kashin awaki da na kaji, duk can ake zubawa. In rani ya yi, a loda a amalanke a kai gona. Ƙasarmu ta jigawa ba ta ba da hatsi sai da taki. Abin da ya hito daga ƙasa ya koma ƙasa, ya ruɓe, ya zama abinci.

Amma jujin yau ba irin na da ba ne. Ku tona ku gani. Ga duwatsun tocila, ga fasasshiyar hitila, ga batirin salula, ga igiyar caji. Waɗannan ba su ruɓewa. Wasunsu kuma akwai guba cikinsu. In munka bar su a juji, da hannunmu za mu kai su gona.

Kayan da sunka shigo gari

A da, rediyo da tocila kaɗai muke da su. A farkon shekarun 2000 salula ta fara yaɗuwa a Nijar. Daga baya allon hasken rana, wanda ake kira pano, ya zo da batirinshi. Ga babura, ga talabijin na gidan kallo, ga firigon mai sayar da ruwan sanyi a kasuwa.

Kayan nan alheri ne. Da salula manomi shina jin kuɗin wake a kasuwar Maradi tun bai ɗaura buhu ba. Ɗan ci-rani shina aiko da kuɗi. A 2009 da 2010, a jihohin Doso da Damagaram, an koya wa ɗaliban yaƙi da jahilci karatu da lissahi da salula, kuma sun hi waɗanda ba su samu ba ci gaba. Ba wanda ya ce a bar su.

Sai dai kowane ɗayansu shina da ranar mutuwa. Mu yi lissahi tare. A ce gari shina da gida 200. A ce kowane gida shina yada dutsin tocila 4 a wata. A wata ɗaya an yada 800. A shekara ɗaya an yada 9,600. A shekara goma fa? Ku lissafa a allo. Sa'an nan ku tambayi kanku inda sunka tahi.

Mi ke cikinsu?

Ba duka ne haɗarinsu ɗaya ba. Ga su ɗaya bayan ɗaya.

Babban batir, na mota, na babur ko na pano. Shi ne ya hi kowane haɗari. Hiye da rabin nauyinshi dalma ce. Ruwan da ke cikinshi kuwa asid ne, mai ƙona fata, mai makanta ido. A lura: wasu na kiran farin ƙarhen da ake zuba tukunya da shi dalma. Wancan sanholo ne, mara nauyi. Dalmar batir tana da nauyi da taushi, kuma guba ce.

Dutsin tocila, wanda wasu ke kira pil. Sunanshi dutse, amma ba dutse ba ne. Gwangwanin tutiya ne, da baƙin gari a ciki, da ɗan sanda a tsakiya. In ya daɗe sai ya tsatsa, ya tsiyayo. A cikin wasu, musamman masu araha, akan samu ɗan kaɗan na dalma ko zaiba. Guda ɗaya bai kai babban batir ɓarna ba. Yawansu ne abin tsoro.

Batirin salula. Shi wuta ce matsalarshi. In ya kumbura, ko anka huda shi, ko anka jefa shi a murhu, shina iya fashewa ya kama da wuta.

Ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga, na agogo da na kayan wasan yara. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa 2 shina iya ƙona naman wurin.

Doguwar ƙwan lantarki fara, da mai lanƙwasa kamar igiya. Akwai zaiba cikinsu. In sun fashe, zaibar na tashi cikin iska, ba a ganinta.

Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya. Gilashinta haɗe shike da dalma mai yawa.

Igiyar waya. Cikinta jan ƙarhe ne mai daraja. Robar bayanta ce ke ba da mugun hayaƙi in anka ƙona ta.

Yadda dalma ke cutar da mutum

Dalma ba ta da wari. Ba ta ruɓewa, ko bayan shekara ɗari. Tafasa ruwa ba ya hidda ta. In anka fasa batir a tsakar gida, garinta na haɗuwa da ƙasa da ƙura. Ta hi zama a ƙasar sama, daidai inda yaro ke rarrafe. Yaro ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Iska ta kwashi ƙura ta zuba a tuwo, a garin da anka shanya, a randar da ba a ruhe ba.

Babba in ya haɗiyi dalma, kaɗan ce ke shiga jininshi. Jikin ƙaramin yaro kuwa shina ɗaukar ninki 4 ko 5 na abin da babba ke ɗauka. Yaron da ke da yunwa ko ƙarancin jini ya hi kowa ɗauka. Daga jini ta tahi ƙwaƙwalwa, da ƙoda, da hanta. Saura ta kwanta a ƙashi shekara da shekaru. Mace mai ciki tana ba jaririnta tun shina ciki.

In ta yi yawa, yaro shina ciwon ciki, da amai, da kasala, da jijjiga, har suma, har mutuwa. Sau da yawa sai a ce zazzaɓin sauro ne, ko sanƙarau, ko iska. In kaɗan ce, ba a ganin komi. Yaro na yawo, na wasa, amma kanshi ba ya ɗaukar karatu kamar na tsaranshi, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa. Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce babu wani ma'aunin dalma a jini da za a ce ba shi da illa.

Abin da ya faru a Caroy da Zamfara

Caroy unguwa ce a bakin teku, gab da Dakar, babban birnin Senegal. Shekara da shekaru mutanen wurin na fasa tsoffin batiran mota suna hidda dalma suna sayarwa. Da kuɗin dalma ya tashi, sai mata sunka shiga tankaɗe ƙasar wurin don tsince ɓarɓashin da ya zube. Wasu har gida suke kai ƙasar cikin buhu, yara na goye, wasu na wasa a gehe. Daga watan Nuwamba na 2007 zuwa watan Maris na 2008, ƙananan yara 18 sunka mutu. Da anka auna jinin iyayensu da ƴan uwansu, anka tarar da dalma mai yawan gaske. Sai da anka kankare ƙasar unguwar anka zubo sabuwa.

Na biyu ya hi kusa da mu. A 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, a ƙauyuka irin su Dareta da Ƴargalma da Bagega, yara hiye da 400 sunka mutu. Can ba batir ba ne. Dutsin zinariya ne mai haɗe da dalma ake dakawa ana niƙawa cikin gidaje. Amma gubar ɗaya ce, hanyar ɗaya ce: ƙura a tsakar gida, hannun yaro, bakin yaro. Likitocin ƙungiyar MSF sun ba dubban yara maganin da ke hidda dalma daga jini. Amma sai da anka kankare ƙasar gidajen tukuna, domin in yaro ya sha magani ya koma kan ƙasar nan, aikin banza ne.

Iyayen yaran nan ba mugunta sunka yi ba. Abinci suke nema, kuma ba wanda ya gaya masu. Mu yanzu mun ji.

Dabbobi da ruwa

Makiyaya, wannan naku ne. Saniya na son lasar abu mai gishiri-gishiri, maraƙi kuwa komi ya gani sai ya ɗanɗana. Likitocin dabbobi sun san cewa fasasshen batir na cikin manyan abubuwan da ke sa wa shanu gubar dalma. Batir ɗaya da anka yada a bayan gari shina iya kashe shanu da dama. Saniyar ta makance, ta riƙa cizon haƙora, tana dalala, tana zagaye, ta faɗi. Naman irin wannan dabba da nononta ba na ci ba ne. A kira malamin dabbobi.

Masu garka a fadamar Gulbin Maradi, ku ma ku lura. A fadama ruwa kusa shike. In damina ta sauka, malale na kwasar abin da ke juji ya kai tabki, ya kai bakin rijiyar garka. Wasu kuma na jefa tsoffin duwatsun tocila cikin salga, wai don ta rage wari ko ta daɗe ba ta cika ba. A bar wannan. Guba ce ake turawa ƙasa. Haka nan baƙin garin cikinsu da ake fasawa a shafa wa allo. A yi da gawayi da ƙaro, ko a nemi fentin allo.

Ƙona waya

Samari na tara igiyoyin waya su cinna masu wuta, robar ta ƙone, su kwashe jan ƙarhe su sayar. Baƙin hayaƙin nan shina cutar da huhu, shina sa tari da ciwon ido, kuma akwai guba cikinshi mai daɗewa a jiki. Tokar ma guba ce. Kaji su yi tono a wurin, gubar ta shiga ƙwai.

A Ankara, babban birnin Gana, an yi wata babbar kasuwar gwangwan mai suna Agbogbloshi. Samari ƴan ci-rani daga arewa sun yi shekaru suna ƙona waya a can. Da masana sunka auna ƙasar wurin, da ƙwan kajin wurin, da jinin ma'aikatan, sun tarar da guba iri-iri. A 2021 hukuma ta rushe kasuwar.

Akwai hanyar da ta hi. A sa wuƙa a fere robar, a zare jan ƙarhen. Aikin ya hi ɗaukar lokaci, amma ƙarhen ya hi kyau, kuma mai yi ya tsira da huhunshi.

Ba mu kaɗai ba ne

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 duniya ta yada matattun kayan lantarki tan miliyan 62. In anka loda su a manyan motoci masu ɗaukar tan 40, sai an samu mota miliyan 1 da dubu 550. Abin da anka tara anka sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi 1 cikin 4 ba. A Afirka bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Wasu kayan ma a mace suke iso mu. Wani bincike da anka yi a tashoshin jirgin ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya nuna tsoffin kayan lantarki wajen tan 60,000 ke shigowa Najeriya a shekara, kuma hiye da tan 15,000 ba su aiki. Mun san yawancin kayan kasuwanninmu ta Kano da Katsina da Jibiya suke biyowa. Saboda haka kada ka biya kuɗin abu sai an kunna shi a gabanka.

Ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniya a Bamako a 1991, wadda ta hana a shigo da shara mai guba daga waje. Nijar na cikinta. A 1998 kuma ƙasarmu ta kafa babbar dokar kare muhalli. Amma doka ba za ta zo ta tsince batir daga jujin gidanka ba. Wannan aikinka ne.

Abu na farko: a ja kwanan kaya

Abin da bai mutu ba bai zama shara ba. Araha ba ta ado. Tocilar da ke mutuwa cikin wata ɗaya ta hi tsada, domin sau goma za ka saye ta. Hitila mai kyau da ake caji da rana tana shekaru ba ta ci dutse ko ɗaya ba.

Mai pano, ka riƙa goge ƙurar da ke kanshi, musamman da hunturu. Ka ajiye batir a inuwa, inda iska ke shiga, domin zahi na rage mashi kwana. Kada ka ajiye shi ɗakin kwana ko kusa da wuta. Kada ka tatse shi sai hitila ta mutu, domin batirin da ake tatsewa ƙarƙaf kullum ba ya daɗewa. In irin mai murhi ne da ake ƙara wa ruwa, ka sa tataccen ruwan da ake sayarwa don batir. Ruwan rijiya na kashe shi.

Mai salula, kada ka bar ta a rana. In ta lalace, ka kai wa mai gyara kahin ka yanke mata hukunci. Sau da yawa batir ne kawai ko bakin caji. In ta mutu ɗungum, ka cire layinka da katin hotuna, ka sayar wa mai gyara. Zai ciri abin da zai gyara wata da shi.

Abu na biyu: a ware, a ajiye

1. Kowane gida ya samu tsohuwar jarka ko tulu mai murhi. Duk dutsin tocilar da ya mutu a jefa ciki. A ajiye inda yaro ba ya kaiwa, inda ruwan sama ba ya taɓawa.

2. Batirin salula a liƙe bakinshi da salatif. In ya kumbura, a daina aiki da shi, a sa shi cikin gwangwani mai rairayi, nesa da danni da rumbu.

3. Babban batir a bar shi a tsaye, a ruhe, da ruwanshi a ciki.

4. Kada a fasa. Kada a ƙona. Kada a turbuɗe. Kada a jefa a rijiya, ko salga, ko tabki.

5. Kada a ba yaro mataccen batir ko salula ya yi wasa. Kada a zuba ruwa, ko hatsi, ko abincin kaji a kwandon tsohon batir.

6. Kahin a loda taki, a tsince abin da ba ya ruɓewa.

Abu na uku: a sayar da shi ɗungum

Mataccen babban batir kuɗi ne. A masana'anta mai kayan aiki na ƙwarai, kusan duk dalmar da ke cikinshi ana narkar da ita a yi sabon batir. Shi ya sa masu sayen gwangwan ke nemanshi. In za ka sayi sabo, ka tahi da tsohon, ka nemi a rage maka kuɗi. In mai gwangwan ya zo gari, ka sayar mashi yadda shike. Kada ka yarda ya tsiyaye ruwan a ƙofar gidanka ko ya fasa shi cikin gari. Maƙera kuma kada su narka dalmar batir, kada su haɗa ta da ƙarhen tukunya ko na ludayi.

Wanda sana'arshi ke nan, ya raba wurin aiki da gida. Kada ya ci abinci ko goro a wurin aiki. Ya wanke hannu da sabulu, ya canza riga da takalmi kahin ya shiga gida ya ɗauki ɗanshi. Mace mai ciki da yara kada su kusanci wurin.

In tsautsayi ya faru

In ruwan batir ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 20, sa'an nan a tahi likita.

In yaro ya haɗiyi ƙaramin batir, kada a sa shi amai, kada a jira gobe. A kama hanyar asibiti nan take. In ya wuce shekara 1 kuma shina iya haɗiya, a ba shi zuma ƙaramin cokali 2 kowane minti 10 a kan hanya, har sau 6. Zuma na rage ƙunar, amma ba ta hidda batirin.

In doguwar ƙwan lantarki ta fashe a ɗaki, kowa ya hita, a bar ƙofa da taga a buɗe kamar minti 15. A kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya.

In yaro na jijjiga ko ciwon ciki kuma an taɓa fasa batir a gidan, a gaya wa likita haka ƙarara.

Aikin gari duka

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jiharmu ta san wannan. Tun daga shekarun 1980 manoman Maradi sunka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon itace a gona. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, maza da mata, manoma da makiyaya. Gonakin da sunka zama hili sun sake yin gawo da kalgo. Asusun Mata Masu Dubara ma a jiharmu ya fara a 1991, ya bazu ƙasashe da yawa.

Gari mai iya tsaron itace shina iya tsaron jujinshi. A zauna da mai gari, da liman, da shugabar mata, da samari. A zaɓi wuri ɗaya mai rumfa da ƙofa, a kan tudu, nesa da rijiya da makaranta da mashayar dabbobi. A ajiye ganga mai murhi. Kowane wata gidaje su juye jarkokinsu ciki. Wanda ya iya rubutu a cibiya ya riƙe littahi, ya rubuta abin da anka tara. Da wannan littahi za a tahi wurin magajin gari da ma'aikatan kare muhalli, a nemi su shirya kwashewa. Mai zuwa da lissahi a rubuce ya hi mai zuwa da baki samun kunne. Matan asusu kuma suna iya haɗa kuɗi su sayi hitilun rana masu kyau, a biya sannu a hankali.

Rigakahi ya hi magani. Allah ya tsare mana ƴaƴanmu da dabbobinmu, ya ba mu damina mai albarka.

Tambayoyin tattaunawa a cibiya

1. Dutsin tocila nawa gidanku ke yadawa a wata? Nawa ke nan a shekara?

2. Ina ake kai matattun batiran pano da na babura a garinku?

3. Don mi dalma ta hi cutar da yaro bisa ga babba?

4. Wane wuri ya dace a ajiye gangar gari, kuma wa zai riƙe littahin?

Ku rubuto mana amsarku da abin da garinku ya yanke. Ku ba malamin cibiya, zai aiko mana, mu buga sauran garuruwa su karanta.